Da Jaka Ɗaya Zuwa Katagum

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka ɗau hanya. Titin Mariri babu kowa sai masu shayi da ke hura wuta da manyan motocin da suka kwana a gefen titi. Mu uku ne a motar. Ɗana na biyu ke tuƙi, shi ne wanda ya karanci harkar kwamfuta kuma da ita yake ci. A kujerar baya akwai wani tsohon abokina, mutumin Barno da ya daɗe da zama a Azare, ya zo Kano ganin likita muka rage masa hanya. Ni ina gaba, da 'yar jaka a kan cinyata, kuma saboda abin da ke cikin jakar nan aka yi tafiyar.

Waɗanda suka daɗe suna karanta rubutuna sun san fassara ce sana'ata. Takardun shaidar karatu na yaran da suka yi makaranta a Sudan ko Masar ko Nijar, da yarjejeniyar 'yan kasuwa, su nake juyawa daga Larabci da Faransanci. A Katagum aka haife ni. Na bar ta ina saurayi, na zauna a Omdurman, na zauna a Garwa da Yamai da Jidda, daga baya na yada zango a Kano. Cikin 'ya'yan mahaifiyarmu saura mu biyu, ni da yayata, ita ce kuma ke riƙe da gidan mahaifinmu. Idonta ya yi rauni. Tun da mai ɗakina ta rasu take kirana in dawo gida mu ƙarasa tare, ni ma raina yana can, amma amsata kullum ɗaya ce: aikina yana cikin kwamfuta, kwamfutar kuma tana kan tebur a Kano.

Ba ƙaramar aba ba ce. Baƙin akwati ne a ƙarƙashin tebur da ke gurnani kamar firij, da allo mai kauri, da kibod ɗin da na liƙa wa haruffan Larabci da hannuna, da firinta, da tarin wayoyi a baya waɗanda ni kaɗai na san wace ke zuwa ina. Ɗana ne ya kashe mini wannan uzuri. Ya kama mini hayar abin da suke kira kwamfutar gajimare. Kwamfuta ce sosai, amma tana wani katafaren gini a wata ƙasa, ba ka ganinta, ba ka taɓa ta. Kai dai ka buɗe 'yar siririyar laftof, in akwai sabis sai ta haɗa ka da waccan, ka ga aikinka yadda ka bar shi. Ya kwashe fayil ɗina kaf ya zuba a can. Muka yi shawara mu je Katagum mu gwada. In ta yi aiki a ɗakin mahaifina, zan tattara in koma. In ta ƙi, sai Yaya ta ƙara haƙuri. Na buga mata waya na ce muna tafe da kwamfuta.

Mun haye gadar Wudil gari yana wayewa. A Kwanar Huguma muka tsaya shan shayi, kuma abin da na biya na shayi da burodin mutum uku, a shekarun da na fara bin hanyar nan da ɗan akuya zan koma gida. Mai shayin ya ce in ina so ya rage sukari ya rage kuɗi. Na ce likita ya riga shi. Hanyar ta yi kyau a wurare da yawa, tagwaye ce, mota tana tafiya ba gargada, sai dai inda ake karkatar da ku ku haɗu da masu zuwa. Na bi hanyoyin Kamaru da na Nijar, na san abin da ake kira mugun titi, saboda haka ba na cikin masu yawan ƙorafi a nan.

A motar gardama ta tashi, ni na tayar da ita. Na ce ni abin da ke damuna da kwamfutar gajimare haya ce, kuma na yi zaman haya a ƙasashe da yawa, na san halin mai gida. Ranar da ba ka biya ba zai sa kwaɗo, ranar da ya ga dama zai ƙara kuɗi, kai kuma kayanka suna ciki. Ban da haka, takardun mutane ne, da hotunansu da ranar haihuwarsu, a ajiye a ginin da ban san ƙofarsa ba. Ɗana ya ce ita ta tebur ɗin da nake yabo, ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya ta ishe ta. Ya tuna mini ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona wani abu a cikinta, na yi kwanaki ina zagaya gida kamar an yi mini rasuwa, har sai da mai gyara ya ceto aikin. Ya ce a can ginin akwai masu gadi da masu gyara da injin wuta, ni a gida ni ne duka ukun.

Sai na juya baya neman agaji, don na tabbata dattijo zai bi bayan dattijo. Abokina ya juyo daga kallon gonaki ta taga. Ya ce lokacin da rikici ya tashe su daga garinsu yana da shago da kwamfutoci biyu irin tawa. Takardun filayensa, hotunan auren 'ya'yansa, muryar mahaifinsa da aka ɗauka yana ba da tarihin gidansu, duk suna ciki.

“Alhaji, ba a ɗora akwatin nan a ka a shiga daji da shi,” in ji shi. “Da akwai irin ta ɗanka a lokacin, da na iso Azare da abin da zan nuna wa jikokina.”

A nan gardamar ta tsaya, muka wuce Kiyawa.

A gadar Jama'are na ce a rage gudu. Kogin a cike yake duk da ruwan sama ya ɗauke, ga masu kwalekwale, ga mata suna wanki a gefe. Wannan ruwan shi ne ke gangarawa ya ratsa ta kusa da Katagum, kuma tun ina yaro nake ɗaukar gadar nan a matsayin bakin ƙofar gida. Daga nan kunne yake fara jin Fulatanci a bakin masu tallar nono, Hausar ma ta ɗan sauya taku. Na sayi kindirmo na gaisa da mai shi da yarenta, ta yi dariya ta ce Fulatancina na Garwa ne, ba na nan ba. Na ga Nilu, na ga Binuwai, na ga Kwara a Yamai, amma babu wanda ke sa ni shiru kamar wannan ɗan kogin.

Azare ta ƙara girma. Inda na sani gonaki ne yanzu shaguna ne da makarantu da gidajen mai, babura kuwa kamar a kasuwa ake rabawa. A gidan abokina muka sauka. Aka yi doguwar gaisuwa irin ta mutanen Barno, na lalubo ɗan Barbarcin da ya rage mini na kai har tambayar gajiya, daga nan na miƙa wuya na koma Hausa. Aka kawo burabusko da miyar kuka da man shanu, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Wanda bai ci burabusko a hannun mutanen Barno ba ya daina cewa ya san shi.

Da la'asar abokina ya kai mu shagon surukinsa a kusa da kasuwa, inda ake buga takardu da katin biki. Kwamfutocin tebur ne jere, duk sun tsufa, janareta yana ta ruri a waje. Da aka gaya wa mai shagon abin da ke tafe da mu, sai ya ajiye aikin hannunsa, don ashe gardamar ta daɗe tana cinsa. Ya ce shi sabis ya sha tafiya ya bar shi ba sallama. Mutum ya hau babur daga Chinade ko Giade don a buga masa takarda ɗaya, da wane baki za ka ce masa ya dawo gobe saboda kwamfutarka tana wata ƙasa? Tasa kuwa in ta yi gardama ya kwance ta, ya hure ta, ya sauya abin da ya mutu, aiki ya ci gaba. Ɗana ya nuna janareta ya tambaye shi wa ke cin ribar shagon, shi ko mai gidan mai. Mai shagon ya sosa ƙeya ya ce wannan kam an taɓa masa inda ke ciwo. Suka yi ta yi har aka kira magariba, babu wanda ya kayar da wani, a ƙarshe suka karɓi lambar juna.

Ni abin da na tsaya kallo daban ne. Akwai benci a bayan mai buga rubutu, dattawa biyu suna zaune sun zuba wa allo ido ana shirya musu katin ɗaurin aure. Ɗayansu ban ga alamar yana karanta boko ba, amma bai ɗauke kai ba har aka gama. Na ga irin haka a bakin kotu a Alƙahira, na gani a Yamai wajen masu rubuta wa mutane takarda. Mutum yana son ya ga inda maganarsa ta shiga, ya san in ya dawo zai tarar da wurin.

Washegari da hantsi muka bar abokina a Azare muka nufi arewa, ni da ɗana. Kaka ta yi. Dammunan gero a jingine, riɗi a tsaye ana jira ya bushe, kankana tuli-tuli a bakin hanya da arahar da ta sa ɗana ya cika but ɗin mota kamar zai buɗe rumfa. Akwai wuraren da ruwan bana ya ci gefen titi, sai a lallaɓa. Muka yi ta wuce amalanken shanu. Ɗana yana tuƙi yana satar kallon wayarsa yana ƙirga ƙarafan sabis, ni kuma ina neman kukokin da na sani. Wasu suna nan.

Katagum ba ta da hayaniyar Azare. Tsohon gari ne da ya ga sarauta ta tashi daga cikinsa ta koma wani wuri, ya kuma ci gaba da zamansa. Ƙamshin bandar kifi ne ya fara tarbar mu. Zauren gidanmu yana nan, sai dai ya yi mini ƙanƙanta, kamar yadda yake yi mini duk zuwa. Yaya ta fito tana dafa bango, matar ɗanta da ke zaune da ita tana biye. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, “Auta, ka iso?” Gemuna fari fat, ina da jikokin da suka yi aure, amma a gidan nan ban taɓa wuce Auta ba.

Ko ruwa ba ta bari mun sha ba ta ja mu ɗakin mahaifinmu. An yi masa sabon shafe, an yi daɓen siminti, an faɗaɗa taga. A jikin bango ga wani ƙaton tebur sabo fil, yana warin katako, da ɗan gurbi a ƙasa daidai zaman akwati. A kansa an ninke farin ƙyalle mai surfani a baki. Matar ɗanta ce ta ba mu labari. Ashe lokacin da Yaya ta zo Kano asibiti ta kwana a gidana, ta shiga ɗakin aikina ba na nan, ta auna teburin da akwatin da kamun hannunta, ta riƙe a ka. Ranar da na ce muna tafe da kwamfuta, ranar ta aika a kira kafinta, ta tsaya a kansa yana yi tana aunawa.

Ta ce wa ɗana ya leƙa ya kira maƙwabta a sauke kaya kafin rana ta yi zafi. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “Gwaggo, ai babu wani kaya sai kankana.” Na zuge jakata na ciro laftof ɗin na sa mata a hannu, ina bayani da murna cewa duk aikin yana nan, wannan ta maye gurbin waccan. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta jinjina, ta juya ta, ta miƙo mini. Ta ce to, sannunku da hanya, a kawo musu ruwa.

Ban kawo komai a raina ba, hankalina yana kan gwaji. Na ɗora laftof ɗin a tsakiyar teburin, ta zama kamar ƙwayar goro a faranti. Ɗana ya haɗa ta da wayarsa, muka jira, sai ga allona na Kano ya bayyana, har da aikin da na bari a buɗe. Washegari da safe na fassara shaidar wata yarinya da ta karanci aikin jinya a Sudan, na aika wa mahaifinta, ya amsa cewa ta iso. A ɗakin nan mahaifina ya koya mini haɗa baƙi. Na zauna ina jin tattabaru a kan katanga da sautin turmi daga maƙwabta, ina aikin da na yi shekaru ina cewa ba ya yiwuwa sai a Kano. Ban san lokacin da na cire tabarau na goge ido ba.

Kada in yi muku ƙarin gishiri, ba kullum ta yi daɗi ba. Da safe sabis yana da ƙarfi. Da rana ta take sai ya yi nauyi, in buga harafi ya ɗau lokaci kafin ya fito, kamar kana magana da tsohon da kunnensa ya yi nisa. Akwai yinin da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, na zauna da laftof a gabana, aikina duka yana wancan gefen ƙofa, babu ko layi ɗaya da zan iya taɓawa. Na tuna mai shagon Azare. Ɗana bai yi musu ba, ya ce wannan shi ne lagonta. Amma ya nuna mini ƙwan lantarkin ɗakin, wanda tun zuwanmu bai kama ba sai sau ɗaya, ya ce da ta tebur muka kawo, da ko kunnuwa ba ta yi ba sai an sa sola. Laftof kuwa a mota ma muna yi mata caji. In lissafin aiki za a bi, ta gajimare ta ci, ko da ba da rata mai yawa ba. Ɗana ya shiga shirya yadda za a yi ƙaura.

Sai dai wani abu ya sauya a gidan. Ranar farko an yanka mana kaza, na ce karamci ne. Rana ta biyu kaza. Ta uku kifi da shinkafa a cikin kwanukan da ake ajiyewa a saman kabad, waɗanda ba a saukewa sai an yi baƙi daga nesa. Ni kuwa ɗumamen tuwo nake marmari, irin wanda ake turo maka a tsohuwar langa ba tare da an tambaye ka ba. Babu wanda ya aike ni ko'ina. Ba a ce in duba katangar baya da ruwa ya zaizaye ba, ba a kawo mini ƙarar kowa ba. Da maƙwabta suka shigo gaisuwa, na ji Yaya daga tsakar gida tana ce musu Alhaji ya zo ganin gida ne, kwana biyu zai yi. Tun daga ranar da muka sauka ban sake jin Auta a bakinta ba.

Na yi ta yawo a gari da wannan a raina. Na je maƙabarta na yi wa iyayenmu addu'a. Na gangara bakin kogi inda muka koyi iyo, na tarar da masunta suna gyaran koma, babu wanda ya san ni sai da na faɗi sunan gidanmu. A majalisar bakin masallaci sa'o'ina ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, suka matsa mini wuri a tabarma, aka ci gaba da hirar farashin taki kamar jiya na tashi. Na zauna a birane masu fitilu da jiragen ƙasa, amma ban taɓa samun wurin da aka matsa mini haka ba tare da an tambaye ni aikina ba.

Ana gobe za mu tafi, bayan la'asar, na sami Yaya a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na zauna a gefen tabarmar na ja kwaryar gabana.

“Yaya, laifin me na yi aka mayar da ni Alhaji?”

“Baƙo ai ba a kiransa da sunan gida.”

“Na gaya miki abin ya yi aiki. Dawowa zan yi.”

Ta ci gaba da ɓara, ba ta ɗago ba.

“Daga Sudan da jaka ɗaya ka zo. Daga Jidda da jaka ɗaya. Ka rataye ta a ƙusa inda hannunka zai kai. Ɗana ma haka yake zuwa, ban ce kun yi laifi ba, nema ne. Amma da na ga waccan ta Kano, na shafa ta, na ji wayoyin nan birjik a bayanta, sai na ce alhamdu lillahi, yau ga abin da ya danne yaron nan wuri ɗaya. Na ce in ta shigo gidan nan, ko don wahalar kwance ta zai zauna.”

Na fara yi mata bayanin wuta da sola da sabis. Ta ɗaga hannu.

“Ni ban san aikinku ba. Abin da na sani, wannan da ka zo da ita, ranar da zafi ya dame ka ko wani ya ɓata maka rai, hammata za ka sa ta ka nufi tasha. Ni kuma in shiga ɗakin in shafa tebur.”

Ɗana yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai, ya juya ya fita. Muka ƙarasa ɓarar gyaɗar.

Da safe aka cika mana but da tsaraba irin ta baƙi, bandar kifi da riɗi da kuka. Yaya ta rako mu zaure ta ce Allah Ya kiyaye hanya, a gaida yara. A Azare muka tsaya salla a gidan abokina, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi da yayata duk gaskiya suka faɗa: shi an taɓa tashinsa, don haka yake son abin da ba shi da nauyi, ita kuma an sha tafiya a bar ta, don haka take son abin da ba ya ɗaukuwa. Daga Azare zuwa Kano ɗana bai kawo zancen gajimare ko sau ɗaya ba. Sai wajen Wudil ya tambaye ni, kamar da wasa, ko na san faɗin rufin ɗakin kakansa, don yana son ya san faifan sola nawa zai ɗauka.

Mun shiga Kano ana kiran magariba. Washegari na durƙusa a bayan teburina na shiga zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaura wa kowace zare mai launi don in gane mazauninta. Ɗana, wanda ya daɗe yana cewa a sayar da ita ko a ba makaranta, shi ya kawo kwalaye da tsohon bargo. Muka kai tasha aka ba direban Azare, mai shagon nan ya karɓa ya sa a motar Katagum, yana ta murna wai ɓangarensa ne ya yi nasara. Ban gyara masa ba.

In kun tambaye ni abin da tafiyar nan ta koya mini game da gardamar, ga shi a taƙaice. Wajen aiki, kwamfutar gajimare za ta iya maye ta tebur ga mutum irina, muddin akwai sabis kuma yana iya biyan haya, kuma da ita zan ci gaba da yawancin fassarata. Ga mai shago da mutane ke hawa babur su zo wurinsa, lokaci bai yi ba tukuna. Amma na tafi ina zaton tambayar ita ce wacce ta fi aiki, na dawo na san cewa kayan aikin mutum suna gaya wa na kusa da shi ko zama ya zo yi ko wucewa. Masu ƙera na'ura suna ta ƙoƙarin rage mata nauyi, sun kyauta, amma akwai gidajen da nauyin nan ake jira.

Matar ɗan Yaya ta bugo ta ce kaya sun iso lafiya. Akwatin ya ɗan fi gurbinsa faɗi, sai da aka kira kafinta ya kankare gefe. An ɗora allon, an lulluɓe, babu wutar da za ta kunna shi tukuna. Muna cikin magana na jiyo muryar Yaya daga nesa tana faɗa da masu ɗaukar kaya kada su buga mata firinta a ƙofa, sannan ta ɗaga murya ta ce a tambaye ni, gadon kwanana fa, yaushe?

Ina rubuta wannan a kan teburin Kano da ya zama fili, sai shatin inda akwatin ya zauna. Saura in raba littattafai, in mayar da ganin likitana Azare. Kwamfutar ta riga ni isa gida. Gado zai bi ta a motar mako mai zuwa, ni kuma in Allah Ya yarda in bi gado.